Yadda Ake Yi wa Masu Koyon Karatu Littafin Dabbobi Masu Ban Mamaki

Rubuce-rubucen da ake kawo mini in duba, na masu son yi wa yara littafi kan dabbobi, kusan duk ciwo ɗaya suke fama da shi. Marubuci ya ga hoton wata dabba a waya, manyan idanu, ɗan baki kamar tana murmushi, sai ya ce ai yara za su so wannan. Za su so ɗin kuwa. Amma sai ya kwaso bayani daga intanet ya juye a ƙarƙashin hoton, jimloli zaro-zaro, rabin abin da ke ciki ba wanda ya tabbatar da shi, ya ce ya yi littafin 'yan aji ɗaya. Wani kuma hanyar tatsuniya yake bi, sai ka ga bushiya ta yafa gyale ta tafi kasuwa sayen daddawa. Dukansu biyu sun saki hanya.

Littafin da nake nufi shi ne na gaskiya zalla, a kan dabbar da yaro bai saba gani ba, ko wadda yake gani bai san sirrinta ba, wanda ɗan shekara 6 zuwa 8 zai karanta da bakinsa ba tare da babba ya kama masa ba. Sharaɗi biyu ke nan: duk abin da ke ciki ya zama gaskiya, kuma yaro ya iya karanta shi shi kaɗai. Kyan dabbar aikinsa ɗaya ne, ya sa yaro ya miƙa hannu ya ɗauki littafin. Sauran aikin naka ne. A Amurka da Ingila irin waɗannan littattafai kasuwa ce guda. National Geographic, alal misali, tana fitar da su hawa-hawa, daga na wanda bai fara haɗa baƙi ba har zuwa na wanda ya ƙware. A wajenmu kuwa, shirye-shirye irin su RANA a Katsina da Zamfara, da Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, sun koya wa yara da yawa haɗa gaɓa da Hausa. To yaron da ya iya haɗa gaɓa yana buƙatar abin da zai karanta bayan an tashi daga aji, kuma ba kowane yaro ne labarin Gizo ke riƙewa ba. Akwai wanda abin da ya dame shi shi ne ya san me dabgi ke ci.

Abubuwan da za ka tanada

Littafin karatun Hausa na aji 1 da na aji 2, wanda ake koyarwa da shi a makarantun yankinka. Kada ka raina shi. Shi ne zai nuna maka haruffan da yaro ya riga ya sani da waɗanda bai kai gare su ba.

Madogara ingantattu, aƙalla biyu. Jerin dabbobin da ke cikin haɗari na ƙungiyar IUCN yana nan kyauta a intanet, yana faɗin inda dabba take da halin da take ciki. Ga dabbobin Afirka masu shayarwa, littafin Jonathan Kingdon da ya fara fitowa a 1997 har yau abin dogara ne.

Mutum masani wanda zai karanta maka rubutun: malamin sashen nazarin dabbobi a jami'a, ko likitan dabbobi, ko ma'aikacin gandun daji irin na Yankari. In dabbar ta gida ce, haɗa da tsohon mafarauci ko masunci.

Ƙamus. Na Bargery na 1934 cike yake da sunayen namun dawa da yanzu suka fara ɓacewa daga bakin mutanen birni. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 kuma zai daidaita maka rubutu.

Kwamfuta mai salon harafin Andika. Ƙungiyar SIL ce ta tsara shi musamman don masu koyon karatu, kyauta ne, yana da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kuma "a" da "g" ɗinsa irin waɗanda malami ke rubutawa a allo ne. Manhajar Bloom, ita ma ta SIL, tana iya nuna maka kalmomin da suka fi ƙarfin matakin da ka zaɓa.

Farar takarda da almakashi da gam, sai hotuna masu izini, sai kuma yara masu yi maka gwaji. Za mu zo kan biyun ƙarshe.

Mataki na 1: Zaɓi dabba ɗaya, ko tambaya ɗaya

Sabon marubuci yakan so ya cusa dabba 20 a shafi 16, kowace da sabon suna, sabuwar ƙasa, sababbin kalmomi. Mai koyon karatu da maimaici yake samun ƙarfi. In kalmar "rami" ta zo masa a shafi na 3 ya sha wahala ya haɗa ta, yana so ya sake cin karo da ita a shafi na 5 ya karanta ta a guje. Littafin da kowane shafi ke buɗe sabon babi ba ya ba shi wannan daɗin.

Saboda haka ko dai ka riƙe dabba ɗaya daga bango zuwa bango, ko ka ɗaure dabbobi huɗu ko biyar da tambaya guda. "Wa ke dunƙulewa in ya ji tsoro?" ta haɗa bushiya da ɗan kunya. "Wa ke fita da dare?" ta haɗa yanyawa da dabgi da mujiya.

Kuma kada ka yi saurin tsallaka teku. Aksolotil na Meziko da okapi na Kwango da kwoka ta Ostareliya duk sun cancanci littafi, amma yaran Kano da yawa ba su taɓa ganin ayu ba, alhali yana nan a kogin Binuwai da na Kwara. Ga rema, 'yar dabbar nan ta kan duwatsu mai kama da ƙaton ɓera, wadda masana suka ce cikin dabbobin da ke raye giwa da ayu ne danginta na kusa. Ga raƙuman dawan Kure a Nijar, waɗanda a 1996 saura 49 suka rage kafin a farfaɗo da su. A ganina littafinka na farko ya zama kan dabbar da za ka iya samun wanda ya taɓa ganinta ido da ido.

Mataki na 2: Tabbatar da kowace magana

Nan ne aka fi yin ganganci, wai don littafin yara ne. Ai shi ya fi buƙatar a kula. Babba in ya karanta ƙarya yana iya cin karo da gyaranta gobe. Abin da yaro ya karanta da kansa a karon farko kuwa, ya zauna masa ke nan, har ya yi gardama da malaminsa a kai.

Ɗauki takarda ka raba ta gida uku: maganar, inda ka samo ta, da wuri na biyu da ya tabbatar da ita. Wuri na biyun kada ya zama wanda ya kwafo daga na farko, domin a intanet kuskure ɗaya yakan yaɗu a wuri ɗari da kalmomi iri ɗaya. Duk maganar da gidanta na uku ya zauna babu komai, cire ta, komai daɗinta.

Hattara da abin da kowa ya sani. Kowa ya san beguwa tana harba ƙaya. Ba ta harbawa: takan juya baya ta auka wa abokin gaba da baya-baya, ƙayar ta cake shi ta saki jikinta. Kowa ya san jimina tana binne kai a ƙasa in ta ga haɗari. Ba ta yi. A ƙasa take saka ƙwai, takan sunkuyar da kai ta jujjuya su. Hawainiya ma yawancin rikiɗarta saboda zafi da sanyi ne, da fushi, da neman aure, ba don ta saje da duk abin da ta hau ba. Irin waɗannan ba sai ka guje su ba, suna iya zama shafi mafi daɗi a littafin, in ka kawo abin da ake faɗa sannan ka kawo gaskiyar.

Maganar mafarauci da masunci kuwa, rarrabe ta gida biyu. Abin da ya gani da idonsa, kamar lokacin da dabgi ke fitowa da irin ramin da yake haƙawa, zinariya ce. Abin da ya ji daga kakanni, kamar labaran da ake yi kan ayu da asirin mansa, al'ada ce mai daraja amma ba wannan littafin ne gidanta ba.

Sai kalmomin nan masu santsi: "duk", "kullum", "kaɗai", "mafi". Yanyawa ita ce mafi ƙanƙanta a dangin karnuka, wannan tabbatacce ne. Amma "yanyawa ba ta shan ruwa" ƙarya ce. Tana iya daɗewa ba ta sha ba, don tana samun laima daga abincinta, in kuma ta ga ruwa za ta sha. Sauƙaƙa magana daban, karkatar da ita daban. "Tana iya daɗewa ba ta sha ruwa ba" kalma 8 ce kawai, kuma gaskiya ce.

Wani abu da na lura da shi a rubutun 'yan'uwa: in an zo wurin da bayani ya yi wuya sai a rubuta "ikon Allah" a wuce. Ikon Allah ne, ba musu. Amma yaro ya tambayi amfanin manyan kunnuwan ne, kuma amsar tana nan: suna fitar da zafin jiki, suna kuma jiyo motsin ƙwari a ƙarƙashin rairayi. Faɗa masa, mamakinsa ƙaruwa zai yi.

Mataki na 3: Tsayar da suna da jinsi

In dabbar tana da sunan Hausa, yi amfani da shi, amma ka tabbatar sunan da hoton dabba ɗaya suke nufi. Ana yawan sa hoton beguwa a rubuta bushiya. Haka nan a Sahel akwai wata 'yar'uwar yanyawar hamada, mai launin ƙasa, wadda kunnuwanta ba su kai na waccan ba. Nuna wa masaninka hoton ya tantance.

In ba ta da sunan Hausa, rubuta sunanta yadda bakin Bahaushe zai furta, ka raba shi gaɓa-gaɓa a shafin farko: o-ka-pi. Kada ka laƙaba mata sunan da zai ɓatar da yaro. Okapi yana da zane a ƙafafu irin na jakin dawa, amma ɗan'uwansa raƙumin dawa ne. In ka kira shi "jakin dawan kurmi" ka koyar da kuskure tun daga bango.

Sannan ka zaɓi "ya" ko "ta" ka tsaya a kai. Yanyawa da bushiya "ta", ayu da dabgi "ya". Baƙon suna mai ƙarewa da "a", irin kwoka, ya fi zama da "ta". In za ka yi maganar shayarwa, ka ce "uwar ayu" a fili kafin ka koma "ta", don kada yaro ya zaci wata dabbar ce ta shigo.

Mataki na 4: Rubuta, sannan ka rage

Fara tsayar da matakin da kake wa rubutu. Shirin African Storybook na Afirka ta Kudu, wanda ke da littattafan Hausa kyauta, ya kasa nasa hawa 5, daga kalmomin farko zuwa na karanta wa yaro a bayyane. Duba su ka ga bambancin da idonka. Ni ma'aunin da nake bi shi ne: hawa na farko, jimla ɗaya a shafi, kalma 3 zuwa 6, littafin duka kada ya haura kalma 100. Hawa na biyu, jimla biyu ko uku a shafi, kowace kada ta wuce kalma 8.

Ga irin abin da ake kawo mini:

"Yanyawa, wadda ita ce mafi ƙanƙanta a dangin karnuka, tana rayuwa ne a yankunan hamadar Sahara, inda manyan kunnuwanta ke taimaka mata wajen rage zafin jiki da kuma jiyo motsin ƙwari a ƙarƙashin rairayi."

Ba ƙarya a ciki. Amma kalma 34 ce, kuma kafin ɗan aji ɗaya ya kai "rairayi" ya manta da wa ake magana. Ga yadda za ta watsu a shafuka:

Ga yanyawa.
Gidanta a hamada yake.
Dubi kunnenta! Ya kai tsawon biro.
Da rana tana barci a rami.
Da dare tana fita farauta.
Tana jin motsi a cikin ƙasa.

Lura da abin da ya faru. "Wadda" da "inda" da "wajen" sun tafi, domin su ne ke rataya magana a kan magana. "Da rana tana", "da dare tana" sun maimaita siga ɗaya, yaro na karanta ta farko ya samu rabin ta biyu kyauta. Kunnen da ke kai santimita 15 an auna shi da biro, abin da ke cikin jakarsa. Ɗan shekara 6 bai san kilo ɗaya da rabi ba, amma in ka ce ba ta fi kazar gida nauyi ba, ya gane, don ya taɓa ɗaukar kaza. Ka dai tabbatar kwatancen daidai ne. Ɗauki abin awo ka gwada biron.

Haruffa masu wuya ga mai farawa su ne masu lanƙwasa, da tagwaye irin ts da sh da ky da gw da ƙw, da baƙi mai ruɓi kamar a "dabba" da "kunne". Ba za ka iya guje musu duka ba, littafin dabba dole ya ce dabba. Abin yi shi ne ka taƙaita sababbin kalmomi masu wuya zuwa ɗaya a shafi, hoto kuma ya nuna ta ƙarara.

Akwai tarko guda da ya keɓanta da rubutunmu. Boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, babba da ma'anar jimla yake gane wace kalma ake nufi. Mai koyo bai kai nan ba. In ka buɗe shafi da "Baƙi ne", bai sani ba launi ake nufi ko mutanen da suka zo. Rubuta "Hancinsa baƙi ne". Haka nan maganganun da muka saba da su har muka daina jin su: ka rubuta "ayu yana fitowa shan iska", yaro ya ɗauka yawo ya fita. Ce masa "ayu yana leƙowa ya shaƙi iska", sai ya gane ba kifi ba ne.

Zaɓi abin da za ka faɗa da idon yaro. Tsawon lokacin ɗaukar ciki bai dame shi ba. Abin da zai gudu ya gaya wa ƙanensa shi ne ɗan kunya ba shi da haƙori ko ɗaya, jaririnsa kuma a gindin wutsiyar uwa yake hawa. Okapi yana lasar kunnensa da harshensa. Aksolotil in ƙafarsa ta guntule wata ce ke tsirowa. Kowane littafi ya samu irin wannan guda biyu ko uku.

Mataki na 5: Kiyayi sharrin kyau

Wannan matakin shi ne wanda ba a cika tunawa da shi ba, kuma shi ne mai haɗari na gaske.

Na farko, kada ka sa wa dabba zuciyar mutum. An yi wa kwoka laƙabi da dabbar da ta fi kowa farin ciki a duniya saboda fuskarta. Tsarin muƙamuƙinta ne haka, ko tana cikin wahala haka fuskar take. "Kamar tana murmushi" ya halatta, "tana murmushi don tana son ka" bai halatta ba. A tsibirin Rottnest, inda suka fi yawa, doka ta hana taɓa su ko ba su abinci, har tara ake ci.

Misalin da ya fi muni shi ne loris, 'yar dabbar dare mai dara-daran idanu ta Indunusiya da maƙwabtanta. Bidiyonta ya yaɗu a duniya ana yi mata cakulkuli tana ɗaga hannuwa, mutane na cewa daɗi take ji. Alamar tsoro ce. Tana da wani gurbi a hannu mai fitar da ruwan da in ya haɗu da miyanta yake zama dafi, ɗaga hannun shirin kare kai ne. Masu fataucinta sukan datse mata haƙora kafin su sayar. Marubucin da ya sa irin wannan hoto ya rubuta "tana wasa", ya yi wa masu fataucin talla bai sani ba.

Saboda haka kada hoto ko ɗaya a littafinka ya nuna dabbar daji a hannun mutum, ko a kan gado, ko da riga. Yaron da ya gama littafin ya ce "Baba, saya mini", littafin ya yi ɓarna. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Ɗan kunya iri 8 ne a duniya, 4 a Afirka 4 a Asiya, kuma yana cikin dabbobin da aka fi safararsu saboda ɓawon jikinsa, wanda abu ɗaya ne da farcen mutum. A 2016, a taron yarjejeniyar CITES a Johannesbag, aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe gaba ɗaya. Ba sai ka tsorata ɗan aji ɗaya da wannan ba. Jimla biyu sun isa: "Gidansa a daji yake. A bar shi can." Cikakken bayanin ka ajiye wa shafin iyaye da malamai a ƙarshen littafi.

Kuma ka tuna yaran karkara suna haɗuwa da wasu dabbobin nan da gaske. Ka faɗa a fili cewa dabbar daji tana cizo ko da ƙarama ce, kuma in ta ciji mutum a gaya wa babba nan take a tafi asibiti, saboda ciwon haukan kare ba a kare kaɗai ake ɗaukarsa ba.

Mataki na 6: Hotuna

Hoton da ke intanet yana da mai shi. Nemi masu lasisin Creative Commons a Wikimedia Commons ko iNaturalist, ka karanta sharaɗin kowane ɗaya: wani ya yarda a buga a sayar muddin an ambaci sunan mai ɗauka, wani ya hana kasuwanci da shi. Rubuta sunan da lasisin tun ranar da ka sauke hoton, in ba haka ba ranar bugu za ka rasa inda ka samo shi.

Hoto shi ma yana ƙarya. Aksolotil ɗin da ya cika waya, fari mai ruwan hoda, na kiwo ne a tankin gilashi. Na asali, wanda ya rage a magudanan Sochimilko a gefen birnin Meziko, mai duhu ne, launin laka, kuma saura ƙiris ya ƙare, ko da yake ƙasar ta sa hotonsa a takardar feso 50 a 2021. In ka ce "ga shi a tafki" ka sa na tanki, ka saɓa. Nuna duka biyun ka faɗi wane ne wane. Haka in jaririn dabba ka sa a bango don kyansa, nuna babbar a ciki. Yanzu kuma ga hotunan da kwamfuta ke ƙirƙira, masu ido ya fi na gaske girma da yatsun da ba su cika ba. Ko kyauta aka ba ka, ba su da gurbi a littafin gaskiya.

Kowane hoto ya nuna abin da jimlar shafinsa ta faɗa, ba wani abu ba. In jimla ta ce rami, a ga rami. Kuma maɗaba'a tana son hoto mai ɗigo 300 a kowane inci. Wanda aka turo ta WhatsApp an riga an matse shi, a takarda zai fito dishi-dishi.

Mataki na 7: Shimfiɗa shafuka

Naɗe fararen takardu ka yi littafin wucin gadi mai shafi 16 ko 24, domin maɗaba'a naɗe takarda take, adadin shafi dole ya rabu da 4. Yanka jimlolinka da ƙananan hotuna ka manna. Da hannu za ka gane inda ya kamata tambaya ta zo a shafin dama, amsarta ta jira sai an juya.

Harafi ya zama babba, maki 20 zuwa 26 ga hawa na farko. Rubutu ya zauna a farin fili, wuri ɗaya a kowane shafi, ba a kan hoto ba. Kada ka raba kalma a ƙarshen layi, kada ka rubuta jimla da manyan baƙaƙe zalla. In littafin Nijar zai tafi, tuna can ƴ ake rubutawa inda Nijeriya ke rubuta 'y; zaɓi wanda yaran suka koya a aji.

Mataki na 8: Kai wa yara

Nemi izinin shugaban makaranta da iyaye. Ka roƙi malami kada ya ba ka zakarun aji, don abin da zai yi ke nan in ba ka hana ba. Kana son na tsakiya, da ɗaya ko biyu daga masu rauni, maza da mata. Ku zauna da yaro ɗaya-ɗaya, ka gaya masa littafin ake gwadawa, ba shi ba.

Miƙa masa ka yi shiru. Shirun ne mai wuya, bakinka zai yi ta ƙaiƙayi ka kama masa. Riƙe naka kwafin ka yi alama a duk inda ya tsaya, ko ya canza kalma, ko ya tsallake. Ma'aunin da malaman karatu ke bi shi ne, in kuskure bai wuce kalma 1 cikin 20 ba, yaro zai iya littafin shi kaɗai. In ya wuce 1 cikin 10, littafin ya fi ƙarfinsa. In yara uku suka yi tuntuɓe a kalma ɗaya, laifin kalmar ne, canza ta.

Kada ka tambaye shi "ka gane?" Yaron da aka yi wa tarbiyya ba zai ce wa baƙo babba a'a ba. Rufe littafin ka ce ya ba ka labarin abin da ke ciki, ko ka tambaye shi me ya sa yanyawa ba ta fita da rana. Kuma ka sani yaranmu gwanayen hadda ne: wanda ya ji abokinsa ya karanta sau ɗaya zai iya rero maka littafin duka idonsa na kan hoto. Shi ya sa ake raba su, kuma ake rufe hoton da hannu lokaci-lokaci a ce ya nuna kalmar da yatsa.

Tambayoyin da suka yi maka su ne ribar zaman. In da yawansu suka ce "tana cizo?" ko "ana cin namanta?", to littafin ya bar giɓi, koma ka cike. Bayan ka gyara, kai wa wasu yaran daban, sannan ka mayar wa masaninka rubutun ƙarshe, domin a wurin rage jimla ne gaskiya ta fi zamewa.

Mataki na 9: Bugu

A shafin ƙarshe sa kalmomi 4 ko 5 da ƙananan hotunansu, da taswira mai nuna inda dabbar take da inda mai karatu yake, da shekarar da aka tabbatar da bayanan, don halin da dabbobi ke ciki yana canzawa. Lambar ISBN a Nijeriya daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta. Bango ya zama mai kauri, ɗinkin waya biyu a tsakiya, domin littafi ɗaya hannu da yawa zai bi.

Aika wa maɗaba'a aikin a PDF wanda salon harafin ke ƙunshe a ciki. In ba haka ba kwamfutarsu takan musanya shi da nata, sai ƙ da ɗ da ɓ su koma ɗan akwati ko su rasa lanƙwasa, ƙasa ta zama kasa a littafin mai koyon karatu. Nemi kwafi ɗaya na gwaji a kan ainihin takardar da za a buga, ka bi shi harafi-harafi da yatsa. Kada ka ba da izinin buga sauran, kuma kada ka biya cikon kuɗi, sai ka ga wannan kwafin.